Muryar Aro

Shafi na 19

Bismillahir Rahmanir Rahim. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa na cika jan rai. Ku yi mini afuwa. Wannan shafin sai da na ajiye shi na sake ɗauka kafin na iya kammala shi.

*

Bayan sallar La'asar bencin da ke ƙofar shagon Mu'azu a Gyadi-Gyadi ya cika, kamar kowace rana. Shago ne na tura finafinai a waya. A can ƙuryarsa akwai wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu don kada ƙarar titi ta shiga. A nan ake ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, kuma a nan Zakariyya ya yi aiki har ranar da babbar mota ta take babur ɗinsa a titin Zariya.

Ƙaninsa Abdulmalik yana zaune a ƙarshen bencin, da ledar ayaba a kan cinyarsa. Asibiti ya nufa, wajen mahaifiyarsu. Bai yi niyyar tsayawa ba. Ƙafafunsa ne suka kawo shi, shi kuwa bai ga dalilin yin gardama da su ba.

"Ni fa na sallama finafinan Koriya," in ji Ɗanladi, direban adaidaita sahu, wanda ya ajiye kekensa a bakin kwata ya bar fasinjoji suna wucewa. "Yarinya ta manta mijinta, ta manta uwarta, ta manta sunanta, amma ba ta manta lambar buɗe wayarta ba. Wannan wace irin mantuwa ce?"

Murtala, ɗalibi mai koyon aikin jinya, ya kwashe da dariya.

"Kai ne za ka yi maganar hankali? Kai da kake kallon mutumin da aka yi wa ruwan harsashi, ya tashi ya kakkaɓe riga, ya hau dutse yana rawa?"

"Ai shi jarumi ne."

"To ita ma jaruma ce."

"A'a, malam. Jarumta daban, raina hankali daban."

"Ka koma na Turkiyya mana."

"Kada ma ka fara," Ɗanladi ya ɗaga hannu. "Na fara kallon wani ina saurayi. Yanzu matata ta yaye, su har yau ba su gama kallon juna a bakin taga ba. Su kuma 'yan Koriyar, duk fim sai mota ta kwashe mutum a tsakiyar titi, kamar ba su da…"

Sai da maganar ta fita sannan ya tuna wanda ke zaune a ƙarshen benci. Ya dafe baki. Murtala ya sunkuyar da kai.

Abdulmalik ya lura jira suke ya ji zafi. Ya lalubi zuciyarsa a hankali don ya ga ko zafin yana nan. Babu komai. Kamar mutum ya taɓa dasashin da aka yi wa allurar kashe ciwo.

"Ku ci gaba," ya ce. "Ina jin ku."

Ɗanladi ya gyara zama, yana neman hanyar da zai wanke kansa.

"Allah ya jiƙan Zakariyya. Wallahi shi ya sa na san daɗin fim. Lokacin da na zo Kano daga ƙauyenmu ban san kowa ba, muryarsa ce abokiyar hirata. Amma Malam Abdul, kada ka ji haushi, wannan aikin nasa na ƙarshe, mai jirgin ƙasan nan, ya ɗaure mini kai."

Daga cikin shago, ƙarar madannan kwamfutar Mu'azu ta tsaya.

Akwai abin da Ɗanladi bai sani ba.

Inna Balaraba, mahaifiyar su Abdulmalik, tana kwance a asibitin koyarwa lokacin da hatsarin ya auku. Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Likita ya ce a jinkirta mata duk wani labari mai tayar da hankali har jininta ya daidaita, manyan gida kuma suka zauna suka yanke shawarar a ce mata Zakariyya ya tafi aiki Kaduna. Ta karɓi maganar ba musu. Bayan an kwana biyu sai ta ce wa Hajara, autarta mai jinyarta, "In aikin ne ya hana shi kira, to ya aiko mini da aikin." Inna ba ta taɓa barin fim ɗin da ɗanta ya fassara ya wuce ta ba.

Zakariyya ya bar fim mai jirgin ƙasan a rabi. Muryar Abdulmalik kuwa tun suna yara ake rikita ta da ta yayansa. Kiran waya ba zai iya ba, domin a waya Inna za ta yi tambaya. Fim kuwa ba a yi masa tambaya. Saboda haka ya shiga ɗakin katifu ya zauna a kujerar yayansa, ya ɗauko aikin daga inda ya tsaya. Ya bi rubutun Turancin da ke ƙasan hoto layi bayan layi, da ƙamus a gefensa. Bai ƙara ba, bai rage ba. Mu'azu ya haɗa ɓangarorin biyu ya saki fim ɗin da sunan marigayi.

"Me ya ɗaure maka kai?" Abdulmalik ya tambaya.

"Mai gashin bakin nan," in ji Ɗanladi. "A farkon fim kawun jarumi ne, wan mahaifiyarsa. Har yana ce masa, 'Ɗan ƙanwata, ka ci abinci kuwa?' To bayan an dawo daga waƙar da suka yi a kan gada, sai ga shi ya tare yaron a tasha yana tambayarsa, 'Kai ɗan gidan wane ne?' Kawunka guda! Ko shi ma Koriya ya leƙa ya dawo?"

Benci ya ɗauki dariya.

"Ni na kalli na asalin," in ji Murtala. "Mai gashin baki ba kawunsa ba ne. Bos ne tun daga farko. Zakariyya ne ya mayar da shi kawu."

"Ya mayar da shi?" in ji Abdulmalik.

"Ai haka yake aikinsa. Ba ruwansa da rubutun ƙasa. Kashe sautin yake yi ya kalli fuskoki, ya gina labarinsa. Wani lokacin nasa ya fi na Indiyawan ma'ana."

"To me ya hana shi ƙarasawa da kawun?" Ɗanladi ya ce. "Kuma barkwancin duk ya ɗauke. A farko jarumi yana cewa jirgin nan ko tsohuwa mai tallar kuka ta fi shi sauri. A ƙarshe kuwa sai ka rantse mai karanta labarai ne a rediyo. Ana jibgarsa da ƙarfe yana cewa, 'Haƙiƙa ina matuƙar takaicin wannan lamari.' Don Allah wa ke magana haka ana dukansa?"

Aka sake yin dariya. Abdulmalik ya tuna layin. Ya daɗe a kansa, yana auna ko takaici ya fi dacewa ko baƙin ciki.

"Duk wannan mai sauƙi ne," Ɗanladi ya ci gaba, muryarsa ta sauka. "Uwar ce ta tsaya mini a rai."

"Wallahi ni ma," in ji Murtala.

"Me ya sami uwar?"

Duk biyun suka juyo suka dubi Abdulmalik.

"Mutuwa ta yi, Malam Abdul."

"Haka yake a fim ɗin."

"A fim ɗin Indiyawa. Amma a wajen Zakariyya uwa ba ta mutuwa. Ganin gida take tafiya."



"Ba ka taɓa lura ba?" in ji Murtala. "Duk fim ɗin da ya fassara, in uwa ta mutu, yanke wurin yake yi ɗungurungum. Sai ka ji jarumi yana cewa, 'Mama ta tafi ganin gida, ta ce a gaishe ku.' Ni har gardama na taɓa yi da shi a kan bencin nan. Na ce ga hotonta can a bango an rataya masa furanni, kowa ya san ma'anar wannan a wajensu. Ya ce mini ai hoton kewa ne, in ta dawo za a sauke."

"Amma a wannan," Ɗanladi ya karɓe, "ga itace an jera, ga wuta an kunna, ga jarumi a tsaye yana cewa, 'Mahaifiyata ta rasu.' Ƙarara. Matata kuka ta dinga yi. Ta ce mini, 'Ɗanladi, wannan ba Zakariyya ba ne.' Na ce ke ma dai, ba ki ji muryar ba?"

"Abdulmalik."

Mu'azu ne a bakin ƙofar shago. Fuskarsa ta canza.

"Shigo ka duba mini wani abu."

*

Ɗakin katifu yana nan yadda yake. Hular Zakariyya tana rataye a jikin ƙusa, babu wanda ya yi ƙarfin halin saukewa. Mu'azu ya tura ƙofa ya jingina da ita.

"Ka bar wurin mutuwar?"

"Yana cikin fim ɗin."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Ka bar shi?"

"Na bar shi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Mu'azu ya cire hularsa ya riƙe. "Ba ka kalli rabin da ya yi ba kafin ka ɗora?"

"Na saurari farkonsa kaɗan. Don in kama muryar."

"Kaɗan."

"Da ya yi dariyar nan tasa sai na kashe."

Mu'azu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya zauna a kan wani kwali.

"Ni ma ban kalla ba," ya ce. "Na haɗa, na duba sauti a wuri biyu, na rufe. Na ɗauka ai kai ɗan'uwansa ne, ciki ɗaya. Na ɗauka ka fi ni sanin dokarsa."

"Ina makaranta a Kazaure lokacin da ya fara wannan aikin. Kuma ni ba mai kallon fim ba ne, Mu'azu. Ka sani."

"Na sani."

"Me ya sa yake yankewa?"

Mu'azu ya daɗe yana juya hular a hannunsa.

"Shekarar da mahaifinku ya rasu. Ya ce mini sun zauna da Inna suna kallon wani fim, uwa ta mutu ta bar yara. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta ƙi cin abinci, tana cewa in ita ma ta bi Malam wa zai riƙe ku. Sai ya durƙusa a gabanta ya ce, 'Inna, in dai ni na yi fassara, babu uwar da za ta ƙara mutuwa a gabanki.' Duk lokacin da ya zo yanke irin wurin sai ya ba ni labarin nan, har na haddace. Masu saye sun yi ƙorafi, ni ma na yi. Ya ce in ba a so a nemi wani."

Abdulmalik ya dubi kujerar. Ya dubi makirfon da ya shafe makonni yana magana a cikinsa da muryar mamaci. Ya jira wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Abin da ya zo masa kawai shi ne lissafin gyara.

"Za a iya cirewa," ya ce. "Ka yanke daga inda aka kwantar da ita zuwa inda ya koma tasha. Layi ɗaya zan sake ɗauka. Kawun ma zan gyara, zan zauna in saurari nasa gaba ɗaya, ko da…"

"Abdulmalik."

"Kafin Isha mun gama. Gobe sai a kai mata."

"Hajara ta zo da safe."

Abdulmalik ya juyo ya dube shi.

"Ta ce Inna ta tashi da tambayar fim ɗin. Na tura mata a wayarta."

Abdulmalik ya zaro wayarsa ya kira ƙanwarsa. Ba ta shiga. Ya sake kira.

"Ba za ta shiga ba," in ji Mu'azu. "In Inna tana kallo, Hajara rufe layin take yi don kada kira ya katse mata."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya ɗauki ledar ayabarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya gyara wa hular yayansa zama a kan ƙusa, domin ta ɗan karkace.

*

Ɗanladi ne ya ɗauke shi. Bai bari kowa ya hau ba, ko matar da ta tare su da yara biyu a bakin layi. Suna hawa babban titi ya dubi Abdulmalik ta madubi.

"Malam Abdul."

"Na'am."

"Kai ne, ko?"

"Ni ne."

"Saboda Inna?"

"Saboda ita."

Ɗanladi ya bugi kan keken da tafin hannu.

"Kai, wannan baki nawa! Wallahi muryar ta yi. Na rantse da Allah ta yi. Ni ban gane ba, matata ce mai shegen kunne. Maganar rediyon nan ma wasa nake yi."

"Gaskiya ka faɗa."

"Ƙila ba ta kai wurin ba. Ka san marasa lafiya da barci. Ƙila tun a waƙar gada barci ya ɗauke ta."

"Ƙila."

Suka zo daidai inda abin ya faru. Kullum Abdulmalik yana wucewa ta wurin, kullum kuma sai ya duba. Yau wani mai rake ne ya kafa baronsa a kan tabon da hatsarin ya bari, yana fere wa wata yarinya. Ya kalli ɓawon raken yana zuba a kan kwalta har suka wuce.

"Ka yi kuka kuwa tun da aka yi rasuwar nan?" Ɗanladi ya tambaya a hankali.

"Ban samu lokaci ba."

Ɗanladi ya mayar da idonsa kan titi har ƙofar asibiti.

*

A bakin ɗakin kwanciya na mata ya ci karo da Sista Hadiza, ma'aikaciyar jinyar da ta fi kula da Inna. Ta tare shi da fara'a.

"Ɗan Hajiya, yau albishir zan yi maka. Jininta ya sauka sosai, likita ya ji daɗi. Ta ci abinci, har ƙari ta nema."

"Alhamdu lillahi."

"Tun bayan Azahar take kallon fim ɗin ɗanta na Kaduna. Na zo gwaji ta ce in dakata jarumi yana magana." Sista Hadiza ta san gaskiyar lamarin, saboda haka ta rage murya. "Dabarar nan taku ta yi aiki."

"Ta gama kallon?"

"Ina jin ta gama. Ɗazu ta ce a ɗaga mata kan gado."

Ya shiga da sallama.

Inna Balaraba tana jingine da matasai, an gyara mata ɗaurin kallabi. Wayar Hajara tana kife a kan ƙirjin Inna, igiyar abin sauraron da ta cire daga kunne tana kwance a kan bargo. Hajara tana gefe tana goge kwanuka, ta ɗago da murmushin da ya daɗe bai gani a fuskarta ba.

"Yaya, ta kalle shi har ƙarshe," ta ce. Ta ɗan kashe masa ido. Ita ba ta ji komai ba, a kunnen Inna kaɗai fim ɗin ya yi magana.

Abdulmalik ya durƙusa a gefen gadon.

"Inna, ina wuni. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Abdulmalik." Tun da ciwon ya same ta maganarta take fita a hankali, ta gefe ɗaya na bakinta. "Ka kawo ayabar?"

"Ga ta."

"Allah ya yi albarka. Hajara, je ki samo mini ruwan zafi."

"Inna, akwai a fulas."

"Ya huce. Samo wani."

Hajara ta ɗauki fulas ɗin ta fita. Inna ta bi ta da kallo har labulen ƙofa ya daina motsi.

"Ka kalli fim ɗin yayanka?"

"Na kalla, Inna."

"Ya yi kyau. Jirgin nan ya ba ni dariya. Wai tsohuwa mai tallar kuka." Gefen bakinta mai lafiya ya ɗan ɗaga. "Sai dai kawun ya ba ni mamaki. Mutum ya raini yaro, ya wayi gari bai san shi ba."

"Indiyawa ne, Inna. Haka finafinansu suke, ba a rasa irin wannan."

"Haka suke."

Ta shafa bayan wayar da babban yatsanta.

"Jarumin kuma ya yi hankali a ƙarshe. Ya daina surutu. Kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono."

"Wahala ce ta yi masa yawa."

"Ita ce."

A gadon da ke kusa wata tsohuwa tana tari, jikarta tana yi mata sannu. Wani yana tura keken magunguna a baranda, ƙafar keken ɗaya tana ƙara. Abdulmalik ya ji duk waɗannan sarai, kamar an ƙara musu sauti.

"Uwar ta mutu," in ji Inna.

"Eh. Wato, Inna, su can Kaduna tsarinsu daban ne. Mai yiwuwa ba sa yarda a yanke…"

"Abdulmalik."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka yi ƙoƙari."

Bai ɗago ba. Idonsa yana kan ƙarfen gadon, inda fenti ya ɗaye.

"Har gyaran muryar da yake yi kafin ya fara magana ka kwaikwaya. Da kawun ya rikice na ce gajiya ce. Da barkwancin ya ƙare na ce kewar gida ce. Na so in yarda, Allah ya sani. Da aka kwantar da matar nan na mayar da wurin baya. Na sake mayarwa. Ina jira ya ce ta tafi ganin gida."

"Inna…"

"Bari in gama, numfashina ba shi da yawa." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Yaron da ya durƙusa a gabana ya yi mini alkawari, in yana Kaduna, in yana Legas, in yana bayan duniya, matuƙar yana numfashi wannan abin ba zai iso hannuna ba. Ko wani ne ya yi masa aikin, sai ya kalla kafin ya aiko."

Babu hawaye a idonta. Wannan ne ya fi tsorata shi. Ya tuna maganar likita, ya tuna albishir ɗin Sista Hadiza, ya dubi jijiyar da ke harbawa a gefen wuyan mahaifiyarsa. Ƙofa tana kusa. Zai iya tashi ya kira wani. Jikinsa bai motsa ba.

"Kullum kawunku yana zuwa da sabon labarin Kaduna," ta ce. "Ban tambaye shi ba. Hajara tana shiga bayi ta daɗe, ta fito ido jawur ta ce sabulu ne. Ban tambaye ta ba. Kai zan tambaya, don kai ba ka iya ƙari ba. Tun kana yaro, abin da yake nan shi kake faɗa. Ko a fim ɗin nan ka kasa yi mini ƙarya."

Ta miƙo hannunta na dama, mai lafiyar, ta ɗora a kan nasa. Hannun da ɗumi, kuma ba ya rawa.

"Ina ɗana?"

Ya dubi hannun.

"Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago.

"Faɗa mini. Kuma da muryarka za ka faɗa, ba da tasa ba."

Abdulmalik ya nemi muryarsa. Ya neme ta a inda ya saba samunta, ya tarar wurin fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Makonni ke nan yana kwana da muryar yayansa yana tashi da ita, yana gwada ta a banɗaki, a kan hanya, a cikin ɗakin katifu, har ya daina lura da lokacin da yake ajiye ta.

Ya buɗe baki.

Gyaran muryar nan ne ya fara fitowa, gajere, mai ɗan kaushi.

"Inna…"

Ba tasa ba ce. Ta yayansa ce.

Yatsun Inna suka damƙe wuyan hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Wayar ta zame daga ƙirjinta ta faɗi ƙasa. Ba shi take kallo ba. Ta juya kanta wajen ƙofa, inda labule yake motsi.

"Zakariyya?"